Kafin ka karɓi wuridi, ga abin da za ka duba a zawiya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce zuciyarka ta karkata ga ɗariƙar Tijjaniyya, amma maganganun mutane sun rikita ka, kana son sanin ainihin abin da 'yan'uwa suke ginuwa a kai. Na daɗe ina zaman wazifa a unguwarmu a Kano, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Yawancin masu shigowa lazimi suke ɗokin ji: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma. Amma muƙaddamin kirki, wato malamin da ke ba da izinin wuridi, ba da wannan yake farawa ba. Sai ya karanta maka sharuɗɗa tukuna, kuma a cikinsu akwai tsare salloli biyar a kan lokaci, cikin jam'i in da hali, da biyayya ga iyaye, da kiyaye zumunci. Duk wanda ya yi saurin ba ka izini bai tambayi yadda sallarka ta asuba take ba, ja da baya. An ruwaito cewa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya umarci almajiransa su auna duk maganar da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, in ta dace su ɗauka, in ta saɓa su watsar. Saboda haka in ka ji wani yana cewa ya kai matsayin da salla ta sauka daga kansa, ka tashi daga wurin, ko rawaninsa ya kai ina.

Abin da ya fi riƙe ni kuwa shi ne yadda ake zama. In an zo Jauharatul Kamali, salatin da ake karantawa a ƙarshen wazifa, ana shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, kowa ya kewaye shi. A zawiyarmu akwai mai facin taya da gwiwarsa ke gogar ta wani babban ɗan kasuwa kullum, ba a taɓa matsar da shi don an yi baƙo mai babbar riga ba. Akwai kuma wani dattijo, Allah ya jiƙansa, da yake riga kowa zuwa ya share tabarmi, ya cika butoci, ya jera takalman mutane. Sai a wurin jana'izarsa matasa da yawa suka ji cewa mahaddacin Alƙur'ani ne. Wannan ita ce hidimar da ake faɗa. Tarbiyyar da ba ta karya girman kai ba, wallahi ban ga amfaninta ba.

Ka lura da harkar kuɗi. Hadiyya ga malami ba laifi ba ce, amma in ka ga an fi sakar wa mai kawo ambulan fuska, talaka kuma yana jiran gaisuwa a zaure har ya gaji, akwai gyara. Wurin kirki, in matar ɗan'uwa ta haihu ko ya kwanta asibiti, kafin a watse an haɗa masa abin da ya sawwaƙa, ba tare da an tallata shi ba.

Sai harshe. Tun bayan haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, faira, wato tafarkin Tijjaniyya na mabiya Shehu Inyass, ta bazu a garin nan, alhali ga 'yan Ƙadiriyya da nasu zikirin, daga baya ga waɗanda ba sa ɗariƙa sam. Maƙwabtanmu ne, surukanmu ne. Zawiyar da ake idar da zikiri a buɗe hirar zagin wasu, ƙeƙasar da zuciya take yi.

Kada ka yi gaggawa, domin wuridin alkawari ne har mutuwa, kuma ba a haɗa shi da na wata ɗariƙa. Ka riƙa zuwa zikirin Juma'a bayan la'asar na 'yan watanni, ka zauna daga baya, babu mai korarka. Ka tambayi 'yan kasuwarsu yadda muƙaddamin yake biyan bashi, ka yi istihara, sannan ka shawarci mahaifanka.