Yadda jiragen yaƙi suka koma fankar tayar da guguwa a Hollywood

Tambaya: Malam, na ji an ce a zamanin da, masu shirya fim a Amurka da jiragen yaƙi suke tayar da guguwar da ake gani a finafinansu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta yaya jirgi zai yi wannan aiki bai tashi sama ba?

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Sai dai ba jirgin gaba ɗaya suke buƙata ba, inji da farfela kawai suke so.

Lamarin ya samo asali ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Amurka ta ƙera dubban jiragen koyar da matuƙa, musamman Curtiss JN-4 da ake wa laƙabi da Jenny, ta kuma ƙera injinan jirgi samfurin Liberty kusan 20,000. Yaƙi ya ƙare, kaya suka yi kwantai, gwamnati ta shiga gwanjonsu a farashin banza. Charles Lindbergh, wanda daga baya ya tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai, dala 500 ya sayi Jenny ɗinsa a 1923. A daidai lokacin masana'antar fim tana bunƙasa a Kalifoniya, sai kamfanoni suka ga garaɓasa.

Farfelar jirgi aikinta ɗaya ne, ta ɗebi iska daga gaba ta watsa ta baya da ƙarfi, wannan ne ke jan jirgin gaba. To, idan aka hana jirgin motsi, duk ƙarfin sai ya ƙare a iskar da ke fita ta baya. Don haka sai a kwance fukafukan, sau da yawa a yanke wutsiyar, a bar gaban jirgin da injinsa, ko a ɗora injin a bayan babbar mota ko tirela. A kafa turaku a ɗaure shi tamau, a danne tayoyin. Injin Jenny ƙarfin doki 90 gare shi, na Liberty kuwa 400. Jera irin waɗannan a gefen fili ya isa ya kayar da ƙato.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kyamara ba ta ganin iska, abin da iska ta ɗauko take gani. Shi ya sa ma'aikata ke tsayawa kusa da injin da shebur, suna watsa yashi, busasshen ganye da takardu cikin iskar. In ruwan sama ake so, sai a saki tiyo a gabanta, ruwan ya riƙa tafiya a kwance yana marin fuskar ɗan wasa. Wannan aiki ne mai haɗari ƙwarai. Farfelar katako ce, da hannu ake juya ta kafin inji ya tashi, kuma in ta ɗauki gudu ido ba ya ganinta sosai. Ga shi injin an yi shi ne don ya sha iska a sama, idan ya daɗe yana ruri a tsaye sai ya yi zafi, dole a kashe a jira.

Misali mafi shahara shi ne fim ɗin The Wind na 1928, wanda Victor Sjöström ya ba da umarni, Lillian Gish ta fito a matsayin jaruma. A hamadar Mojave aka ɗauke shi cikin tsananin zafi, da farfela takwas suna feso mata yashi. Ma'aikatan da ke bayan kyamara suna iya sa tabarau su rufe fuska, ita kuwa dole ta tsaya ido buɗe, domin fuskarta ake ɗauka. Duk wanda ya taɓa shiga guguwar farkon damina a fili ya san yadda tsakuwa ke cizon fata, to a haka ake maimaita fitowa ɗaya har sai darakta ya gamsu. A shekarar dai ɗan wasan barkwanci Buster Keaton ya yi Steamboat Bill, Jr., inda injinan jirgi suka tayar da guguwar da ta rusa garin da aka gina don fim ɗin. Inda ake ganinsa ya karkata gaba yana kokawa da iska, iskar gaske ce yake turawa.

Abin da ya sa dabarar ta yi tasiri a lokacin shi ne finafinan ba su da sauti, ƙarar inji ba ta dami kowa ba. Da fim mai magana ya shigo daga 1927, sai rurin ya zama matsala. A cikin ɗakin ɗaukar fim aka koma ga manyan fankoki masu lantarki, a waje kuma aka ci gaba da injin jirgi, a naɗi muryoyin daga baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma an sake samun irin wannan arha, har matuƙin finafinai Paul Mantz ya sayi jirage 475 a kan dala 55,000, ko da yake shi don shawagi a fim ya ajiye kaɗan, sauran aka narkar.

Ni abin da ke sosa mini rai shi ne asarar. Jiragen yaƙin farko katako ne da ƙyalle, da zarar an cire fukafukai an jefar a bayan sito, rana da ruwa sun gama da su. Ban ga laifin masu fim ba, a idonsu tarkace ne mai arha, kuma ba don su ba da wataƙila wuta za a cinna wa da yawa. Amma Jenny da aka ƙera fiye da 6,000, yau 'yan kaɗan ne suka rage, yawancinsu a gidajen tarihi, masu iya tashi kuwa ba su taka kara sun karya ba.