Tambaya da Amsa: Masu Bin Bashi Sun Hana Ni Sakat, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Dutsen Alhaji da matata da yara uku, ina zuwa aiki Sakatariyar Tarayya. Albashina naira 210,000 ne, amma banki yana cire 65,000 na rancen da na ci, saura wata 11 in gama, sannan abinci da kuɗin mota da wuta suna cin kusan 115,000. Bara da kuɗin haya ya zo, kawuna ya ranta mini 300,000. Daga baya da wata ya riƙa yi mini nisa sai na shiga cin bashin manhajojin waya, yanzu ɗaya tana bi na 90,000, ɗayar kuma 60,000, ban da 45,000 na kayan abinci da mai shagon unguwarmu yake bi na. Makon jiya ɗaya daga cikin manhajojin ta aika wa abokan aikina da surukata saƙo wai ni ɗan damfara ne. Na kashe wayata, na kuma sauya hanya don kada in bi ta ƙofar shagon. Wani abokina ya ce in ci sabon rance babba in biya su duka, wani kuma ya ce in mayar da albashina wani banki. Wanne zan bi? Daga M. S., Dutsen Alhaji, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yaye maka, Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin shawarwarin abokan naka ba, amma kafin mu zo kansu bari in fara da wayar da ka kashe, domin a ganina ta fi duk basukan da ka lissafa haɗari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shagon da kake guje wa shi ma akwai dilan da yake bin sa kuɗin shinkafar da iyalinka suka ci. Mai bin bashi yakan iya jure jinkiri idan ya san ranar da zai ga kuɗinsa, amma da zarar ya ga an daina ɗaga masa waya, sai ya ɗauka an yi niyyar cinye masa dukiya, daga nan kuma mutumin da jiya zai karɓi uzuri ya koma neman hanyar tozarta ka. Saboda haka ka kunna wayar, ka riga su kira.

Sai dai kada ka kira kowa kafin ka zauna da biro da takarda. Idan aka cire na banki daga albashinka saura 145,000, idan aka cire na cefane da mota da wuta saura 30,000. Wannan 30,000 ɗin ita ce iyakar ƙarfinka a wata, kuma duk alkawarin da ya wuce ta ba za ka iya cika shi ba, ko da ka ɗauke shi da kyakkyawar niyya. Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu halin da kake ciki shi ne, idan aka matsa musu sai su ce "ƙarshen wata zan biya duka" don kawai a ƙyale su na ranar, ƙarshen wata ya zo babu kuɗi, amincin da ya rage ya ƙare. Gara ka yi alkawarin 10,000 ka kai ta ranar da ka faɗa, sau biyar a jere, da ka yi alkawarin 45,000 ka saɓa sau ɗaya.

Abin da ake bin ka ban da na banki ya kama 495,000, kuma ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba. Na kawunka ba ya ƙaruwa komai daɗewarsa. Na mai shago ma ba ya ƙaruwa, amma da shi tukunyar gidanka take ɗorawa a kwanakin ƙarshen wata, kuma idan ya rufe maka littafi za ka sake komawa hannun manhaja. Na manhajojin ne kaɗai yake haihuwa kullum. Wanda ya karɓi 50,000 a kan zai mayar da 60,000 bayan kwana 30 ya biya kuɗin ruwa kashi 20 cikin ɗari a wata ɗaya, wato kashi 240 a shekara, tun ba a sa tarar jinkiri ba. Ba zan yi maka wa'azin riba a nan ba, domin na san ka san hukuncinta, kuma lissafin kansa ya isa wa'azi. Shawarata ita ce ka riƙa ba mai shago 10,000 duk wata, ka kuma koma sayen sabon kaya kuɗi hannu, ragowar 20,000 ka raba wa manhajojin gwargwadon abin da kowacce take bin ka, 12,000 ga mai 90,000, 8,000 ga mai 60,000. A wata na biyar za ka sallami mai shago, kasonsa ya koma kan manhajojin, a wata na bakwai ka rabu da su, muddin sun yarda sun tsayar da tara.

Tsayar da tarar nan ita ce abin da za ka nema, kuma a rubuce za ka nema. Ka aika wa kowane kamfani saƙo ka ce ba ka musun bashin, ka buƙaci su rarrabe maka uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tara, ka faɗi abin da za ka iya biya da ranar da za ka riƙa biya, ka roƙi a daina ƙara tara daga ranar da aka yi yarjejeniya. Za su iya fara yi maka tsawa, domin yaran da suke bugo waya aikin da aka ɗauke su ke nan, amma kamfanin ya san karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan ya fi masa asarar duka. Kada ka tura ko sisi cikin asusun wani mutum da ya ce shi wakilinsu ne, asusun kamfani kaɗai, ka adana shaidar kowane biya, idan ka gama kuma ka karɓi rubutacciyar sheda cewa babu sauran abin da suke bin ka, sannan ka goge manhajar daga wayarka.

Saƙon da aka aika wa surukarka da abokan aikinka cin zarafi ne, kuma bashin da ake bin ka bai halatta shi ba. Tun a 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista da ita, bayan ƙorafe-ƙorafen irin wannan tozarci sun yi yawa. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobin waya da hotunan masu amfani da su, a shekarar kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a wadda ta kafa hukumar NDPC. Ka roƙi waɗanda aka aika wa saƙon su ɗauki hotonsa tare da lambar da ta turo shi, ka shigar da ƙorafi a hukumomin biyu, dukansu suna nan Abuja. Amma ka riƙe cewa ƙorafi ba ya goge bashi. Laifinsu daban, haƙƙinsu da ke kanka daban.

Mu dawo kan abokanka. Mai cewa ka mayar da albashi wani banki bai san zamani ya sauya ba. Tun daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum damar cire uwar kuɗi da kuɗin ruwa daga duk asusun da yake haɗe da lambar BVN ɗinsa a sauran bankuna, idan wa'adi ya wuce bai biya ba. Ga kuma kamfanonin adana tarihin masu cin bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda bankuna suke dubawa kafin su ba kowa rance, kuma dokar 2017 da ta tsara aikin waɗannan kamfanoni ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. An gudu ba a tsira ba ke nan, ga ɓata suna a banza. Banki yakan yarda ya tsawaita wa'adi don abin da ake cirewa ya ragu, sai dai jimillar abin da za a biya takan ƙaru, kuma tunda wata 11 kacal suka rage maka, ni dai zan ce ka bar shi yadda yake.

Sabon rance kuwa yana da amfani ne a hali guda: idan ya fi tsofaffin sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kuɗin suka tafi kai tsaye wajen rufe su. Idan akwai ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata a ofishinku wadda take ba mambobinta rance babu ruwa ko da ɗan kaɗan, karɓar 150,000 a rufe manhajojin rana ɗaya dabara ce mai kyau. Amma ƙarin rance daga banki a kan albashin da tuni kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yake tafiya, tufka da warwara ce.

Kawunka na bar wa ƙarshe, kuma ba don bashinsa ya fi sauƙi ba, sai don shi ne wanda aka fi zalunta a irin wannan lamari, tunda kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Ka je gidansa da ƙafarka, ka nuna masa takardar lissafin, ka roƙi ya ɗaga maka zuwa lokacin da rancen banki zai ƙare. A lokacin 65,000 za ta dawo hannunka, ka haɗa da 30,000, ka sallame shi cikin wata huɗu. Ku rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu ko da ya ce ba sai an rubuta ba, domin ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Tsakanin wata na takwas da na sha ɗaya kuma, abin da kake ba manhajoji ka ajiye shi don haya, domin ita ce mafarin wannan rami, kuma mai gida zai sake ƙwanƙwasa ƙofa.

Tambaya: Salamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Wuse. Na tsaya wa ƙanena ya karɓi rancen 800,000 a wani ƙaramin banki ya sayi keke mai ƙafa uku. Ya biya kusan rabi, keken ya lalace, shi kuma ya bar gari. Yanzu ma'aikatan bankin suna zuwa shagona, sun ce ko in sa musu hannu a cekin banki na watanni masu zuwa, ko su kawo 'yan sanda su kwashe kayana. Ni ban ci ko kwabo ba, me ya haɗa ni da biya? Daga Hajiya A., Nyanya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sa hannun da kika yi shi ya haɗa ki. Wanda ya tsaya wa wani ya ɗauki alkawarin biya idan mai bashin ya gaza, kuma yawancin takardun da bankuna suke rubutawa sun ba su damar bin wanda ya tsaya ba tare da sun fara kai mai bashin kotu ba. Don haka ki nemi kwafin takardar da kika sa wa hannu da cikakken lissafin abin da ƙanenki ya biya da abin da ya rage, ki ba lauya ya duba miki iyakar abin da kika lamunta.

Maganar 'yan sanda barazana ce. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda take aiki a nan Babban Birnin Tarayya, ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 7 kuma ya hana kama wani a madadin wani, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita hanin. Kayan shagonki kuwa, matuƙar ba ki ba da su jingina a rubuce ba, babu mai ikon taɓa su sai da umarnin kotu. Inda za ki iya jefa kanki cikin laifi shi ne cekin da suke nema. A ƙarƙashin dokar 1977 kan cekin da babu kuɗi a asusunsa, wanda ya ba da ceki aka je banki aka tarar babu kuɗi yana iya fuskantar ɗaurin shekara biyu babu zaɓin tara, ke nan bashin da yau maganar kuɗi ce kawai zai iya rikiɗewa ya zama maganar gidan yari. Kada ki sa hannu a cekin da ba ki da tabbacin kuɗinsa suna asusu a ranar da aka rubuta.

Ki rubuta wa manajan bankin ki nemi zama a ofishinsu maimakon shagonki, ki gabatar da abin da za ki iya biya duk wata. Idan ma'aikatansu suka ci gaba da cin mutunci kuma mako biyu suka wuce bankin bai saurari ƙorafinki ba, ki kai shi Sashen Kare Abokan Hulɗa na Babban Banki. Idan kuma adadin ne kuka kasa daidaitawa, akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Abuja wadda aka buɗe a 2003, inda ake zaunar da ɓangarori biyu a yi sulhu ba tare da doguwar shari'a ba. Keken nan da ya lalace dukiya ce, a nemo inda yake, a sanar da bankin, a sayar da shi a rage bashin da kuɗinsa. Duk abin da kika biya kuma yana nan a wuyan ƙanenki, don haka ki sa manyan gidanku su kira shi, a rubuta a gabansu nawa kika biya masa da yadda zai mayar miki.