Tambaya da Amsa: Zan Iya Fita Ƙasar Waje da Kuɗi Kaɗan, In Riƙa Sauka a Gidajen Mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa, ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Na ɗan tara kuɗi ina so in fita in ga wata ƙasa, amma kuɗin otal ya fi ƙarfina. Na ji an ce akwai manhajojin da mutum ke samun wanda zai sauke shi a gidansa kyauta. Gaskiya ne? Ta ina zan fara, kuma babu hatsari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne, akwai su. Amma kafin maganar masauki, duba inda fasfonka zai shigar da kai ba tare da biza ba, domin biza da tikitin jirgi su ne ke cinye kuɗin matafiyi tun bai bar gida ba. Tafiyar farko ka yi ta a Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90. Benin, Togo da Ghana a kan titi ɗaya suke. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ka bar su sai wani jiƙon.

Takardu biyu ne dole. Fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin ruwan ɗorawa. Jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayar da shi, suna da ofis a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10 a jikinka, don haka kar ka bari sai jajiberin tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Hanyar ita ce: Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi, motar Legas daga Utako ko Jabi, daga Mile 2 a Legas ka hau ta Seme, iyakar Najeriya da Benin. Ka tsallaka zuwa Kwatano, sai iyakar Hillacondji ka shiga Togo, Lome, sai Aflao ka shiga Ghana, ka wuce Akra. Iyaka uku ke nan, kowace da hatimin fita da na shiga. A Seme za ka ga 'yan acaɓa suna cewa za su zagaya da kai ta bayan fage cikin minti biyar. Kar ka yarda. Idan babu hatimin shiga Benin a fasfonka, a iyakar Togo za a tsare ka, kuma abin da za ka biya a can ya ninka abin da ka yi tsimi. Ka tsallaka iyaka da rana. Benin da Togo sefa suke amfani da ita, Ghana sidi. Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya, sannan soket ɗin wuta na Benin da Togo mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ka sayi mahaɗin caja tun a kasuwar Taminus ta Jos.

To, manhajojin. Wadda ta fi suna ita ce Couchsurfing, ta fara a 2004, amma tun 2020 a ƙasashe da dama sai an biya kuɗin zama mamba. BeWelcome, Trustroots da Couchers kyauta ne, sai dai mutanensu ba su kai yawa ba, musamman a yankinmu. Ka buɗe a biyu aƙalla.

Abin da sababbi ba sa ganewa shi ne, babu wanda ya wajaba ya sauke ka. Mai gida yana duba shafinka ne kamar yadda kai ma za ka dubi baƙon da ya yi sallama da dare. Shafin da babu hoto, babu bayani, babu shaidar kowa, ba ya samun amsa. Sa hotuna 3 ko 4 da fuskarka ta fito sosai, ka rubuta aikinka, harsunan da kake ji, abin da ka iya. Shaidar farko ita ce mai wuyar samu, kuma a gida ake samun ta: idan wani matafiyi ya shigo Jos ko Abuja, ka ɗauke shi ka zaga da shi Gidan Tarihi na Jos, ko dutsen Shere, ko ku ci masa da miyar taushe, ya rubuta maka shaida. Biyu ko uku irin wannan sun canza komai.

Saƙon neman masauki ka tura shi sati 2 zuwa 3 kafin ka isa, ga mutum 8 ko 10, kowa da nasa daban. Ka kira sunansa, ka ambaci wani abu da ka karanta a shafinsa, ka faɗi ranar zuwa da ranar tafiya. Saƙon da aka kwafa aka watsa wa kowa, daga layin farko ake gane shi. Kwana 2 ko 3 za ka nema. Ko a hadisi liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru sadaka ne. A cikin saƙon kuma ka faɗi gaskiyar yadda kake: ba ka cin alade, ba ka shan giya, kana tashi sallar asuba. Ka tambayi ko akwai kare a gidan, da inda za ka kwana, ɗaki ne, falo ne, ko tabarma. Jin kunyar wannan tambayar shi ke jawo ɓacin rai daga baya.

Kai ma ka tantance shi. Karanta shaidun da baƙinsa suka rubuta, ba na abokansa kaɗai ba, ka fara da marasa daɗi. Namijin da duk baƙinsa mata ne, 'yar'uwa ta nisance shi. Mace ta nemi mace ko gidan iyali. Ku yi kiran bidiyo kafin ka taso, ku fara haɗuwa da rana a wurin jama'a, ka tura wa wani a gida adireshin da lambar wayar. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi tukuna, ko ya ce ka ba shi fasfonka ya ajiye maka, ko ya haɗa tayin masauki da alkawarin aiki ko wani kasuwancin intanet, ka yanke magana. Da irin wannan tayin ake yaudarar samari zuwa ƙasashen maƙwabta, a ƙwace musu waya da takardu.

Akwai kuma hanyar da ta girmi manhaja nesa ba kusa ba. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja a hannun fatoma, wato masu saukar da fatake, suke sauka, kuma zangunan baƙi suna nan: Zango a Kwatano da Lome, Nima, Mamobi da Sabon Zango a Akra, ga na Kumasi. Za ka ji Hausa, ga masallaci, ga abincin da ba sai ka yi tambaya ba. Sai dai a nan ma da shaida ake shiga. Nemi wani ɗan kasuwa ko malami a Jos da ke da ɗan'uwa a can, ya buga waya ya ce ga yarona nan tafe. Zuwa kai tsaye ka ce a sauke ka ba ya da kyan gani.

Ko ina ka sauka, kar ka je hannu rabbana. Kilishi, zuma ko acca mai kyau sun isa tsaraba. Ka sayo cefane ko sau ɗaya, ka wanke kwanonka, ka bi lokacin rufe ƙofa, kar ka kawo wani gidan.

Haɗuwa da sauran matafiya kuwa, gidajen kwanan haɗaka sun fi, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗaki mai gadaje 4 zuwa 10. Ana samun su a shafukan intanet na Hostelworld da Booking.com. A kicin da tsakar gida ake sabo, nan za ka sami waɗanda za ku raba kuɗin mota zuwa Cape Coast ko Ouidah. Ka zo da ƙaramin kwado na kulle durowa.

Idan Turai ke ranka, lissafin daban ne. Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun Yunin 2024, ga inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar kuɗin magani na aƙalla yuro 30,000, ga shaidar masauki. Hirar manhaja ba ta zama shaida. A Faransa mai gidan sai ya je ofishin magajin gari ya karɓo takardar saukar baƙo, abin da da wuya wanda bai san ka ba ya yi. Shirye-shiryen yin aiki a madadin masauki, irin su Workaway, ƙasashe da yawa aiki suke ɗaukarsu, ba a yin su da bizar yawon buɗe ido.

Mai gida yana iya fasawa ranar da ka iso, yana faruwa sosai. Don haka ka ware kuɗin kwana 3 a masauki mai araha da kuɗin motar komawa Jos, waɗanda ba ka taɓawa, ka rubuta adireshin gidan kwana ɗaya a kowane gari a takarda. Kar ka dogara da katin naira kaɗai. Ka raba tsabar kuɗinka wuri biyu, ka canza kaɗan a bakin iyaka don kuɗin mota, sauran a cikin gari.