Tambayi Likitan Dabbobi: Hunturu da Cutar Fararen Ɗigo a Kifi

Likita, tun da hunturu ya shigo karfasana suka rage cin abinci, suna ta goga jiki da bangon tanki, ga fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri a jikinsu. (Mai kiwon kifi daga Jos)

Malam, wannan ita ce cutar fararen ɗigo. Wata 'yar ƙwaya ce ke kutsawa cikin fata da wurin numfashin kifi. Zafin jikin kifi daidai yake da na ruwan da yake ciki. Karfasa ta fi lafiya a digiri 27 zuwa 30. Idan ruwa ya sauka ƙasa da 20, garkuwar jikinta kan yi nauyi, sinadaran da ke yaƙar cutar su makara wajen fitowa. Ita ma ƙwayar sanyi na rage mata gudu: a digiri 25 takan kammala zagayenta cikin mako guda, a digiri 10 kuwa sai ta kai wata. Amma kifin ne ya fi jin jiki.

Magani ba ya taɓa ƙwayar tana cikin fata, sai ta faɗo ruwa ta hayayyafa. Saboda haka zuba gishiri a ruwan a matsayin magani sau ɗaya ba ya wadatarwa, a lokacin sanyi dole a tsawaita jinyar. Rufe tankin da leda da dare, ka rage abinci, ka riƙa canza ruwa da rana tsaka.

Ranka ya daɗe, to in ɗumama ruwan sosai mana, a huta? (Hajiya daga Zariya)

A hankali, Hajiya. Ɗumi yana ƙarfafa garkuwa, amma yana hanzarta hayayyafar ƙwayar, kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, alhali kifin da ƙwayar ta cika wa wurin numfashi da ma da kyar yake shaƙa. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu a rana ya isa. 

Ana iya cin kifin da ya kamu? (Wata uwargida daga Maraɗi)

Ƙwarai, wannan ƙwaya ba ta kama mutum. A dafa shi ya nuna sosai. Wanda aka tsinta a mace kan ruwa, ko wanda ake kan ba shi magani, a bar shi.