Me Ya Sa Hotuna Ke Dusashewa Idan An Mayar Da Takardar Word Shafin Taimako?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na rubuta littafin jagora na wata manhaja a Word, mai ɗauke da hotunan allon kwamfuta da yawa, sai aka ce in mayar da shi shafukan taimako na intanet. Bayan na juya shi, wasu hotunan suka yi dishi-dishi har rubutun cikinsu ba ya karantuwa, wasu kuma suka yi girma har suka wuce faɗin shafi. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, domin kowane hoto a cikin Word girma biyu gare shi. Akwai ainihin yawan ɗigogin da suka haɗa shi, wato fiksel, akwai kuma girman da ka ja shi ya zauna a kan takarda, wanda ake aunawa da inci ko santimita. Burauza kuwa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, lissafinta shi ne fiksel 96 a kowane inci. A ce hotonka faɗinsa fiksel 1600 ne, ka rage shi zuwa santimita 10 a takarda. Idan manhajar juyawa ta bi girman takarda, za ta sake yin hoton a kan fiksel 378 kacal, kuma a nan ne ƙananan haruffa ke narkewa. Idan ta ɗauki na asali ba tare da ta sa masa iyaka ba, sai ya cika shafi ya tumbatsa.

Sau da yawa ma tun kafin juyawar ɓarnar ta auku, saboda Word kan matse hotuna lokacin adanawa, galibi zuwa fiksel 220 a kowane inci. Ka shiga Options, sannan Advanced, ka kunna zaɓin da ke hana matse hotuna, amma ka sani abin da aka riga aka matse ba ya dawowa. Don ka ga halin da hotunanka ke ciki, ka kwafi fayil ɗin Word ɗin, wato docx, ka canja ƙarshen sunansa zuwa zip, ka buɗe foldar word, sannan media. A can suke yadda aka adana su.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ka ajiye hotunan asali a folda ta daban, ka sa shafukan taimakon su riƙa ɗauko su daga can, maimakon ka dogara da abin da manhajar juyawa ta fitar. Sannan a cikin CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafin intanet, ka sa max-width (iyakar faɗin hoto) ya zama kashi 100, height (tsayinsa) kuma auto, ta yadda hoto zai ragu daidai da allon waya ko na kwamfuta ba tare da ya miƙe ko ya tauye ba. Yana da kyau faɗin hoton ya ninka wanda za a nuna, saboda allunan zamani masu cunkoson fiksel.

Nau'in fayil ma abin lura ne. JPEG, wanda ya fito a 1992, yana zubar da wani ɓangare na bayanai duk lokacin da aka sake adana shi, shi ya sa ya dace da hoton kyamara amma yake ɓata gefen haruffa. Hoton allo PNG yake so, domin ba ya zubar da komai. Zane-zane da taswirar matakai kuwa a mayar da su SVG, wanda ba ya dusashewa komai girmansa, tun da burauza ba ta nuna EMF da WMF, nau'ikan fayil ɗin zane da Word ke amfani da su. Sai dai idan tsohon tsarin fayil ɗin taimako na Microsoft, wato CHM, ake buƙata, gara ka tsaya a kan PNG, ka kuma gwada shafukan a cikin tagarsa kafin ka miƙa aikin.