Super Tucano mai farfela da JF-17: wanne ya fi amfani?

Malam, tambayarka ita ce ko sayen jirgin yaƙi Super Tucano mai farfela koma baya ne tunda Najeriya na da jirgin yaƙi JF-17. A'a, aikinsu ne ya bambanta. JF-17 guda 3 da suka zo daga Pakistan a 2021 gwanayen karawa da wani jirgin ne a sama, gudunsu ya zarce na sauti. Tucano 12 da aka karɓo daga Amurka a shekarar kuwa, waɗanda aka girke a Kainji, na farautar mayaƙan da ke ƙasa ne. Tucano ba shi da gudun JF-17, amma rashin gudun nan shi ne ribarsa, domin yakan daɗe yana shawagi kan daji har matuƙi ya hango baburan mayaƙa a gindin itatuwa, ga shi bai cika shan mai ba.

Amma da sharaɗi. Mu mazauna Maiduguri mun ga cewa komai kyan jirgi, sai an ba matuƙi sahihin bayani daga ƙasa. A Janairun 2017 jirgin soji ya jefa bam bisa kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann da ke jihar Borno, mutane da dama suka rasu, har da ma'aikatan agaji.