Ku Tambaya Mu Amsa: Likitan TikTok da man wiwi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Yarona ɗan shekara 7 yana fama da farfaɗiya, muna kan maganin asibiti amma wani lokacin takan tashi. To sai na ga wani a TikTok da farar riga wai likita ne, yana tallan man wiwi yana cewa a Ingila ma shi ake ba yara, har da bidiyon wata mata tana rantsuwa ɗanta ya warke, ya sa lambar WhatsApp wai a turo kuɗi. Dan Allah likita zai iya irin wannan tallan? Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. A taƙaice a'a, bai isa ba. Da farko dai wiwi haramun ce a dokar Najeriya ko da sunan magani ne, NDLEA na kama mai ita, sannan ƙa'idar hukumar likitoci ta MDCN ta hana likita tallata kansa ko farautar marasa lafiya kamar ɗan kamasho a tasha, balle ya zama shi ne mai duba ki kuma shi ne mai sayar miki da kwalbar.

Maganar Ingila kuwa rabin gaskiya ya faɗa, kuma wallahi nan ne abin ke ba ni haushi. Eh, tun Nuwamban 2018 aka halatta rubuta maganin da aka haɗa daga wiwi a can, amma sai ƙwararren likita ne zai fara rubutawa ba kowane likita ba, kuma duk maganin da sai da takardar likita ake bayarwa doka ta hana a tallata shi ga jama'a, to kin ga da a can yake da bidiyon nan kaɗai ya isa ya jawo masa matsala. A Amurka ma shawarar da ƙungiyar hukumomin likitocin jihohi ta fitar a 2016 ta ce likitan da ke ba da shawarar wiwi kada ya buɗe ofis a shagon da ake sayar da ita, kada ya ci kamasho, kuma sai ya duba mara lafiya ya san tarihin ciwonsa tukuna. Shi naki ta waya zai duba yaron?

Akwai magani na gaske mai suna Epidiolex da Amurka ta amince da shi a 2018, amma na wasu nau'ukan farfaɗiya ne masu tsanani da ba a cika samu ba, rage tashin ciwon yake ba warkarwa ba, kuma ana bin hantar yaro da gwajin jini. Abin da ke cikin kwalbar wancan kuwa Allah kaɗai ya sani.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ki tsayar da ƙwayoyin da yake sha, don yanke su lokaci ɗaya kan jawo farfaɗiyar da ba ta tsayawa. Ki rubuta ranakun da ta tashi da tsawon lokacin da ta ɗauka, ki koma wurin likitansa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, wataƙila awon maganin ne ya yi masa kaɗan tunda yana girma. Ki tafi da bidiyon ma ki nuna musu.